Ɗan Masunci Da Ya Kwanta A Bama

Jawabin da aka gabatar a taron tunawa da 'yan mazan jiya a Haɗejiya

  Muna godiya ga kwamiti da ya ga ya dace gidanmu ya yi magana a wannan rana, alhali akwai waɗanda suka fi mu shekaru, akwai kuma waɗanda suka sa kaki da jikinsu suna zaune a nan gabanmu.

Kowace shekara, ranar 15 ga Janairu, mukan ga manya a talabijin suna ajiye furanni a Abuja, a busa ƙaho, a saki tattabaru, a watse. Ranar ce aka tsayar domin a ranar ne yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Abu ne mai kyau. Amma mu yau a kan mutum ɗaya tak za mu yi magana, farabiti ne, ko igiya ɗaya bai samu ba har ya mutu. Yayan kakanmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Za ku lura ba za mu ambaci sunansa ba, to, kada ku ɗauka mantuwa ce. Shi ɗan fari ne, saboda haka uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai ta ce "yaron nan." Matarsa ma ba ta faɗa, kamar yadda kuka san al'adar matan da. Ƙanensa, wato kakanmu, Yaya yake ce masa. Da wannan muka tashi, har mu jikoki Yaya muke cewa, ga mutumin da ya mutu tun ba a haifi mahaifinmu ba. Ku bar mu a kan abin da muka saba.

An haife shi wajen 1920, a wani ɗan ƙauye a gabas da garin nan, a kan jigawa, fadama ta kewaye shi. Yaranmu na yanzu ba su san kogin da shi ya sani ba. Ruwan Kano da na Challawa ne ke haɗuwa, su gangaro ta Wudil da Ringim su iso mana, daga nan kuma sai kogin ya warwatsu, wani reshe ya nufi Nguru, wani ya je ya gamu da ruwan Jama'are, su zama Komadugu Yobe, har Tafkin Chadi. Wannan bai canja ba. Abin da ya canja shi ne yawan ruwan da lokacinsa, gama a zamaninsa ba a gina madatsar Tiga ba, sai a 1974, ta Challawa kuwa sai a 1992. A wancan lokaci ruwa yakan zo sau ɗaya a shekara, wajen ƙarshen damina, ya zo da ƙarfinsa ya shafe fadama duka, ƙauyen ya zama tsibiri, ba shiga ba fita sai a kwalekwale ko a kan gora. In ya ja da baya ya bar laka mai kyau, a bi shi da wake, a yanke shinkafa, a ɗaura jigo a bakin gulbi domin albasa da alkama. Gero kuma yana can kan tudu.

Gidansu masunta ne tun kaka da kakanni. Suna noma kamar kowa, amma su shi ne sana'ar gado. Mahaifinsu yana da koma da homa da mamari, ya kuma iya banda, har fatake sukan zo ɗaukar tarwaɗa da karfasa su kai Kano. Kakanmu ya sha faɗa mana cewa Yaya ya iya ruwa kafin ya iya sa wando. Yakan kife a kan gora ya ƙetare kogi a cike, da taru a wuyansa, yana hira da na bakin gaɓa kamar yana kwance a kan tabarma. Ba mai yawan magana ba ne. Bai yi boko ba, a ƙauyensu ma ba wanda ya yi.

Akwai abu ɗaya da ya kamata mu sani game da gidan kafin mu kai ga yaƙin. Mahaifinsu yana yaro lokacin da Turawa suka ci Haɗejiya, ranar 25 ga Afrilu 1906, ranar da Sarki Muhammadu ya faɗi tare da jama'arsa masu yawa. Uwarsa ta gudu da shi cikin fadama suka kwana biyu a ɓoye. Waɗanda suka harba bindigogin a ranar, galibinsu ba Turawa ba ne, baƙaƙen fata ne sanye da kakin Turawa, da yawansu ma Hausa suke ji. Saboda haka a gidan nan, da ma a ƙasar Haɗejiya gaba ɗaya, aikin soja ba abin alfahari ba ne. In aka ce wane ya shiga soja, kamar an ce ya lalace ne. Tsohon ya rasu kafin yaƙin Hitila, bai ga ranar da ɗansa na fari zai sa wannan kakin ba, shekara 36 kacal bayan abin da ya gani da idonsa.

To, me ya kai shi?

Yaƙin Duniya na Biyu ya fara a 1939, amma a ƙauyukanmu an fi jin zafinsa daga 1942. A shekarar ne Japan ta ƙwace Malaya da Bama daga hannun Ingila. Bama ɗin nan ba Bama ta Borno ba ce, ƙasa ce can gabas da Indiya, wadda tun 1989 ake kira Myanmar, amma tsofaffinmu Bama suka sani, yaƙin Bama kuma suke cewa. Da Malaya ta tafi, kuzar da Ingila ke samu daga can ta yanke, sai aka juyo kan kuzar Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta kwasar talakawa daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza dole, abin da iyayenmu suka kira diban gwamna, mutane da yawa kuwa sanyin dutse da cuta suka kashe su a can. Ga matsin a noma gyaɗa, ga gishiri ya yi wuya, ga haraji ba a rage ba. A cikin wannan hali ake kuma neman soja. A takarda, shiga soja ganin dama ne. A ƙauye kuwa, magana takan sauko daga Razdan zuwa fada, a lokacin Sarki Usman ne ke kan gadon Haɗejiya, daga fada zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, kafin ta iso ƙofar talaka ta riga ta zama umarni: ana son mutum kaza daga gari kaza.

Da aka zo gidansu, kakanmu aka nuna, domin shi ne ba shi da iyali. Shekarunsa ba su wuce 16 ba. Yaya kuwa ya yi aure bai cika shekara ba, amaryarsa tana da ciki. Kakanmu ya ce a daren nan ba wanda ya ci tuwo. Da gari ya waye, Yaya ya wanke fuska, ya tafi ƙofar dagaci shi kaɗai, ya ce ƙanensa yaro ne, in mutum ɗaya ake so daga gidan, ga shi. Da ya dawo bai yi wa kowa dogon bayani ba. Ya kira kakanmu bayan ɗaki ya nuna masa inda komar ta yage, ya ce ya ɗinke ta kafin ruwa ya zo. Iyakar sallamar da suka yi ke nan.

'Yan'uwa, mu da muke tsaye a nan, da 'ya'yanmu da ke zaune can baya, ta wannan tafiya ta ƙofar dagaci muka zo duniya. Shi ya sa ba mu iya ba da labarin nan kamar labarin wani.

Suka taka da ƙafa zuwa Malam Madori, inda jirgin ƙasa na Nguru ke tsayawa, gama layin dogo ya kai Nguru tun 1930. Daga nan Kano, daga Kano Zariya. Aka aske masa kai, aka ba shi lamba, aka ba shi takalmi, abin da bai taɓa sawa ba. Malamin da ke rubuta sunaye ba ya tambayar asali. Yakan rubuta sunan yanka, ya ɗora sunan garin da mutum ya ce ya fito, shi ke nan. Don haka bataliya ɗaya takan cika da masu suna ɗaya, wannan na Kano, wancan na Sakkwato, wancan na Bauci, wani ma garin da ya faɗa ba nasa ba ne. Lamba ce kaɗai ke raba su. Ku riƙe wannan magana ta lamba, za mu dawo kanta.

Wasiƙa ɗaya ce ta taɓa zuwa daga gare shi. Wani ne ya rubuta masa da boko, aka kawo ta garin nan aka sami malamin haraji ya karanta. Ba labarin yaƙi a ciki ko kaɗan. Yana gaida uwarsa, yana tambaya ko an sauka lafiya, me aka samu, ko ruwan bana ya kai na bara, ko an ɗinke komar. An sauka lafiya kuwa, mace aka samu, ita ce gwaggonmu da wasunku suka sani. An ba da amsa a aika masa. Kakarmu ta rayu tana fatan amsar ta same shi.

Rundunoni biyu Ingila ta kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa Bama, ta 81 da ta 82. Alamar ta 81 gizo-gizo ce, Gizo na tatsuniya dai, mai dabara. Ta 82, wadda Yaya yake ciki, alamarta mashi biyu ne a gicciye a kan gammo. Gammon nan ba ado ba ne. Inda aka tura su mota ba ta shiga, saboda haka harsashi da abinci da ƙananan igwa duk a ka ake ɗauka, akwai ma ƙungiyoyi na musamman a cikin rundunar da aikinsu ke nan. Turawa sun lissafa cewa mutumin Afirka ya saba da dako, ya kuma saba da kurmi. Dakon dai gaskiya ne. Amma wane kurmi ɗan Haɗejiya ya sani, mutumin da in ya tsaya a kan jigawa yana hango raƙumi tun yana tafiyar rabin yini?

A 1944 suka shiga jirgin ruwa a Ikko, suka yi makonni a kan teku, suka sauka Indiya. A ƙarshen shekarar aka shigar da su yankin Arakan, wanda yanzu ake kira Rakhine, a gaɓar tekun Bama ta yamma. Ranar 15 ga Disamba 1944 suka kama garin Buthidaung a bakin kogin Kalapanzin. Daga nan suka hau duwatsu masu kurmi suka sauka kwarin Kaladan, suka haɗu da 'yan'uwansu na runduna ta 81, a ƙarshen Janairu 1945 suka karɓe Myohaung, tsohon birnin sarakunan Arakan. Sai aka ce su bi Japanawa kudu, ta wajen Dalet da Tamandu. Wanda ya taɓa zama a Kaduna ya san barikin Dalet da barikin Kalapanzin, na Zariya ya san barikin Chindit, na Ikko ya san Dodan da Arakan da Tamandu da Myohaung. Mutane suna shiga suna fita kullum, 'yan acaba suna kiran sunayen, ba tare da sanin cewa daga yaƙin Bama aka ɗauko su ba, kuma a ƙarƙashin kowane suna akwai 'ya'yan wasu da ba su dawo ba.

Abin da za mu faɗa daga nan, daga bakin mutum ɗaya gidanmu ya ji shi. Wani abokin tafiyarsa ne, mutumin wajen Guri, tare aka ɗauke su, tare suka kwana a rami ɗaya har ƙarshe. Shi ya dawo a 1946. Ya ce Japanawa ba su ne farkon abin tsoro ba a ƙasar nan. Akwai zazzaɓi, akwai atuni, akwai matsattsaku da ke shiga takalmi su sha jini mutum bai sani ba. Kullum sai an jera su an ba kowa ƙwayar maganin zazzaɓi ya haɗiye a gaban saje. Abinci daga sama yake zuwa, jirgi ya sako shi da laima, in kuwa jirgin bai ga inda kuke ba, ku kwana da yunwa. Gora ce ko'ina, ba gorar su ba, gora ta itace, ta yi duhu har mutum ba ya ganin wanda ke gabansa da taku goma. Wanda za ka harba ba ka ganinsa, shi ma ba ya ganinka, sai dai ƙara.

Ya ce abin da ya fi ba Yaya mamaki shi ne ruwan ƙasar. Gaɓar Arakan cike take da rafuka masu haɗe da teku. Da safe ka ga rafi ya janye, sai laka, ka ce ko yaro ya ƙetare, kafin azahar ya cika ya fi ƙarfin doki. Sau biyu a yini yake haka. Mutumin da ya tashi a inda kogi ke zuwa sau ɗaya a shekara, a yi masa shiri, a yi masa murna, ga shi a inda ruwa ke zuwa ya koma tsakanin karin kumallo da tuwon dare. Sauran sojoji tsinuwa suke yi wa rafukan nan. Shi kuwa, in an sami sarari, sai ya tsuguna a bakin gaɓa ya kafa kara, yana duban yadda ruwan ke hawa. Cikin 'yan kwanaki ya gane lokutansa, ya gane yana bin wata ne. Har kifi yakan kamo musu da gidan sauro.

Wannan sani shi ya sa aka san da shi a kamfaninsu, shi ne kuma ya kai shi inda ya tsaya. Yawancin mutanen tudu ne, ba su iya iyo ba, ga kaya a ka, ga bindiga. Duk lokacin da za a ƙetare rafi sai a nemi wanda zai fara shiga da igiya ya ɗaure ta a wancan gefe, sauran su bi suna riƙe da ita. Kullum shi ne. Ba wanda ya tilasta masa, in ji abokin nasa, shi dai ba ya iya tsayawa yana kallon wanda bai san ruwa ba yana shiga.

Wani dare, tsakanin Fabrairu da Maris na 1945, a yankin Dalet, aka ce su ƙetare wani rafi kafin gari ya waye. Ya shiga ya ɗaura igiya ta fari, ya dawo. Ya kai ta biyu, ya dawo. Mutane suka fara bi. Sai wani yaro daga cikin masu ɗaukar kaya ya saki igiya a tsakiya, ya fara shan ruwa, ya yi ihu. Ihun nan aka ji a kan tudun da ke gabansu, mashinga ta buɗe. Yaya yana bakin gaɓa a lokacin, ya riga ya fita. Ya koma. Ya turo yaron har hannunsa ya kama igiya, waɗanda ke kusa suka ja shi. Da suka waiga ba su ga Yaya ba. Ruwa ya fara janyewa zuwa teku a lokacin. Da rana ta fito sun bi gaɓa iyakar inda aka yarda su je, ba su sami kome ba.

Ɗan masunci ne, ruwa bai taɓa kayar da shi ba, abokin nasa ma ya rantse harsashi ne ya same shi kafin ruwa ya ɗauke shi. Ya maimaita wa uwar wannan magana har sau uku, domin ya ga ita ce take son ji. Shekarunsa wajen 25. Watanni biyar ko shida bayan haka, a Agusta 1945, Japan ta miƙa wuya. A cikin rundunonin da suka yi wannan yaƙi na Arakan, ta 82 ce ta fi kowace asarar mutane, sama da 2,000 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace.

Labarin mutuwar ya bi hanyar da kiran ya bi, daga Di'o zuwa En'e, zuwa hakimi, zuwa dagaci. Takarda ce guda da Turanci, da lambarsa a sama, daga baya kuma aka kira kakanmu garin nan aka ƙirga masa 'yan kuɗi, ya dangwala yatsa. Uwar ba ta yarda ba. Ta ce ba gawa, ba kabari, ba wanda ya gani, takarda kuwa ba ta san ɗanta ba. Shekara guda cur tana hana a yi zaman makoki, duk jirgin Nguru da ya tsaya a Malam Madori sai ta sa a je a duba. Sai da mutumin Guri ya zo da kansa, ya durƙusa a gabanta, ya ajiye bargon Yaya da kwanon cin abincinsa na soja, sannan ta yi kuka. A ranar ne matarsa ta shiga takaba, bayan mijin ya fi shekara da mutuwa.

Da ta fita, dangi suka taru suka ce yarinyar nan marainiya kada ta tashi a wani gida. Aka ɗaura wa kakanmu aure da matar yayansa. Ita ce kakarmu, ita ta haifi mahaifinmu. Sun zauna fiye da shekara arba'in, ba mu taɓa jin an ji kansu ba. Amma mun lura da abu ɗaya tun muna yara. In an yi kamun farko na shekara, kakanmu yakan zaɓi kifin da ya fi girma ya aika wa gwaggo, ko tana gidan aure, ko da kuwa nasa 'ya'yan ba su samu ba. Mun yi ta ganin son kai ne. Sai da muka girma muka gane bashi yake biya.

Yanzu mu koma kan lamba. A ƙasar Bama, a wani wuri da ake kira Taukkyan, arewa da birnin Yangon, akwai babbar maƙabartar sojojin yaƙin nan. A tsakiyarta an gina dogayen ginshiƙai na dutse, aka buɗe su a 1958, an sassaƙa sunayen mutum kusan 27,000 waɗanda suka mutu a yaƙin Bama ba a san kabarinsu ba. Akwai Turawa, akwai Indiyawa, akwai 'yan Afirka, 'yan Nijeriya ma suna da yawa a ciki. An jera su ne bisa ga runduna, Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya duk a layi ɗaya, kamar yadda suka kwana a rami ɗaya. Hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen rainon Ingila ta sa sunayen nan duka a intanet, kowa yana iya dubawa. Ita wannan hukuma ce a 2021 ta fito ta amsa cewa a Yaƙin Duniya na Ɗaya akwai aƙalla mutum 116,000, galibinsu 'yan Afirka, da ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, har ministan tsaron Ingila ya nemi gafara a majalisa. Na yaƙin Bama sun fi su sa'a, an rubuta su.

Wani ɗanmu da ke karatu a Dutse ya zauna ya duba mana. Ya sami masu suna irin na Yaya ba ɗaya ba, ba biyu ba, a cikin sojojin Nijeriya da suka mutu a shekarar. Lamba ce za ta nuna wanne ne namu. Lambar kuwa tana kan takardar nan guda, takardar tana cikin adakar kakarmu, adakar kuma ta tafi a ambaliyar 2001, daren da ɗakin ya zauna. Shekara 56 takardar tana gidanmu. Mun yi makaranta, wasunmu har malamai ne, mun sha ganinta, mun sha ɗagawa mu mayar. Ba wanda ya taɓa ɗaukar biro ya kwafe 'yan lambobin nan a bayan littafi. Wannan ba laifin Bature ba ne, ba na gwamnati ba ne, namu ne. Gwaggo ta rasu tana tambaya ko an gano inda aka rubuta ubanta.

Dalilin da ya sa muka yarda mu tsaya a gabanku ke nan. A cikin ɗakin nan akwai gidajen da suka ba da ɗa a yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Akwai waɗanda nasu ya tafi Laberiya daga 1990, ko Saliyo, aka dawo da akwati ko ba a dawo da kome ba. Akwai kuma waɗanda nasu ya kwanta a Borno ko Yobe daga 2009 zuwa yau, wasu ma matansu suna zaune a nan tare da mu, da yara ƙanana. Yawancin waɗannan sojoji irin Yaya ne, 'ya'yan manoma da masunta da leburori, waɗanda suka sa kaki domin a sami na makarantar ƙanne. Mu da yawa a nan baƙi ne a garin, aiki ya kawo mu, gobe aiki zai ɗauke mu, takardu kuwa a wajen ƙaura suke ɓacewa.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. Kowane gida da ke da soja, mai rai ko wanda ya rasu, a rubuta cikakken sunansa kamar yadda yake a takardar aiki, da lambarsa, da bataliyarsa, da garinsu na asali, da sunan uwarsa da ubansa. A yi hoton takardun, a ajiye a wuri biyu ko uku, ɗaya a hannun wani ɗan'uwa a wani gari. Matar soja ta san lambar mijinta da ka kamar yadda ta san lambar wayarsa, ta kuma tabbata sunanta ne a rubuce a matsayin magajiya, gama mun ga gwauraye da suka yi shekaru suna zirga-zirga a kan hakkinsu saboda an rubuta sunan wani tun mijin yana saurayi. Matasa, ku zauna da tsofaffin sojojin da suka rage mana, ku kunna waya ku bar su su yi magana. Na Bama sun tafi, na yaƙin basasa ma mafi ƙanƙantarsu ya haura saba'in. Sakataren kwamiti ya yarda zai buɗe littafi, zai zauna a bakin ƙofa bayan an tashi. Iyayenmu mata kuma, ku da kuka fi mu sanin ɗakin da ba a hura wuta ba, ku taimaka masa da sunayen gwaurayen da kunya ba za ta bar su su zo da kansu ba.

Bargon ya daɗe da ƙarewa, da shi aka yi goyon gwaggo da mahaifinmu da ƙannensa. Kwanon ne ya tsira daga ambaliya, domin a daren yana cikin rumbu, da shi kakarmu take auna irin shinkafa. Mun zo da shi, ga shi nan a kan tebur. Wanda yake so ya gani ya matso bayan taro, a bar yara ma su taɓa.